Rijiya ta bayar, guga ya hana? Amsa kan kuɗin tarayya da tallafinta a garuruwanmu

Wani matashi da ke koyarwa a firamaren garinsu ya aiko mini da tambaya. Ya ce: "Baba, duk wata sai mu ji a rediyo an zauna a Abuja an raba tiriliyan kaza, ga tallafi iri-iri da ake ta ambato. Amma ajin da nake koyarwa har yau a ƙasa yara ke zama, asibitin garinmu ko farasitamol babu. Shin kuɗin nan yana zuwa kuwa? In yana zuwa, me yake canzawa a gari irin namu?"

Malam, Allah ya yi maka albarka. Na yi fiye da shekara ashirin a sashen kuɗi na ƙaramar hukuma kafin in yi ritaya, saboda haka abin da zan gaya maka daga bakin aljihun teburi na gan shi, ba daga rediyo ba. Kuɗin yana zuwa. Ba ƙarya ake yi muku ba. Sai dai abin da na koya a tsawon aikina shi ne yawan kuɗin da aka ambata a Abuja ba ya gaya maka komai game da garinku. Abu biyu ne ke yanke hukunci: hannu nawa kuɗin ya ratsa kafin ya iso, sannan yana zuwa a kai a kai ne har mutane su iya dogara da shi, ko kuwa sau ɗaya ne ya sauko kamar ruwan bazara ƙasa ta shanye.

Bari mu fara da rabon wata-wata ɗin da kake ji. Kuɗin mai, da harajin kamfanoni, da na kwastan, duk asusun tarayya suke shiga. Bayan an cire kashi 13 cikin ɗari na kuɗin mai an ba jihohin da ake haƙo shi, sauran sai a raba: gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 52.68, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Harajin kayan masarufi, wato VAT, nasa lissafin daban ne, a can ƙananan hukumomi kashi 35 suke samu. Ka ga ke nan kusan kashi ɗaya cikin biyar na arzikin ƙasa da sunan ƙananan hukumomi ake fitar da shi. Kano mai 44, Katsina mai 34, Jigawa da Borno masu 27 kowace, ba ƙaramin abu ke shigo musu ta wannan ƙofa ba.

Amma kuɗin ba sakatariyar ƙaramar hukumarku yake sauka ba. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, can yake fara yada zango. A nan ake yi masa aski. A cire albashin malaman firamare, ciki har da naka. A cire na ma'aikatan lafiya, a cire fansho, a cire kason masarauta, a cire na horar da ma'aikata. Waɗannan duk suna da hujja. Sai kuma a zo kan abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa: jiha ta ba da kwangilar titi ko ta sayo motoci ko taki, ta ce kowace ƙaramar hukuma ta kawo gudummawarta, alhali ba a tambayi ciyaman ko kansila ɗaya ba. Na sha ganin watan da takardar Abuja ta nuna adadi mai kauri da sunanmu, abin da ya iso hannunmu bayan albashi kuwa bai wuce na man janareta da takardun ofis da ɗan abin sallamar baƙi ba. Ciyaman ya sa hannu cewa ya karɓi duka. In ya ƙi, gobe a naɗa kantoma a kujerarsa.

Kada ka ɗauka mu na ƙasa waliyyai ne. Ɗan abin da ya iso ɗin ma akwai ma'aikatan bogi a cikinsa, akwai kwangilar share magudanar ruwa da ba a taɓa sharewa ba, akwai kashe-mu-raba. Kashin dankali ake yi, babba ya danne ƙarami, ƙaramin ya danne wanda ke ƙasansa.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma kada a ba shugabannin riƙo ko sisi sai zaɓaɓɓu. Mutane suka yi ta murna. Me ya biyo baya? Jihohi suka yi rige-rigen shirya zaɓe, jam'iyyar kowane gwamna ta share kusan duk kujerun jiharsa, kuma aka shafe fiye da shekara ana jan ƙafa kan buɗe asusu da sauran sharuɗɗa. Ni ina goyon bayan hukuncin, amma ina da tsoro guda, kai ma malami ya kamata ka san shi. A farkon shekarun 1990, zamanin Janar Babangida, an taɓa miƙa wa ƙananan hukumomi albashin malaman firamare a hannunsu, malamai suka yi wata da watanni ba su ga kwabo ba. Shi ya sa ƙungiyar malamai har gobe take ɗari-ɗari da maganar. Matso da kuɗi kusa da jama'a yana da amfani ne in jama'ar suna iya tsare ciyaman a bakin masallaci su tambaye shi, shi kuma ya san ƙuri'arsu ce ta kawo shi.

Yanzu ajinka. Benci da rufin aji ba daga wancan rabon suke fitowa ba galibi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, ita kuma ta riƙa ba jihohi don gina azuzuwa da sayen kujeru. Sharaɗin shi ne jiha ta ajiye nata daidai da abin da za a ba ta: ka kawo naira, a ƙara maka naira. Jihar da ba ta ajiye ba, kasonta yana nan kwance a Abuja, kuma shekara da shekaru hukumar na kukan biliyoyin da jihohi suka ƙi zuwa ɗauka. Ga wurin da karin maganar nan ta dace sosai, rijiya ta bayar guga ya hana. In ma jiha ta ɗauko, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ce ke zaɓar makarantun da za a taɓa, kuma makarantar bakin titi wadda mai girma zai gani daga cikin mota ta fi taku ta cikin lungu farin jini.

Asibitinku ma haka. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya a matakin farko, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Tsarinsa ya fi na makaranta kyau a ganina, domin wani ɓangare yana shiga asusun asibitin ne kai tsaye duk wata uku, shugaban asibitin da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa su sa hannu tare. Kuɗin ba yawa, amma na ga inda ya gyara rufi, ya sayo magani, ya biya ungozoma ta kwana. Matsalar ita ce asibiti ɗaya ake ɗauka a kowace mazaɓa. In naku ƙaramin sha-ka-tafi ne, ba shi aka zaɓa ba, to ba zai ga komai ba ko da shirin na tafiya daidai.

To me kuɗin tarayya ke canzawa in ya iso? Ka lura da kasuwar garinku a makon da aka yi albashi. Mahauci ya ƙara yanka, mai shago ya buɗe littafin bashi ana sokewa, tela ya karɓi cikon kuɗinsa, mai acaɓa ya yi ta jigila. A yawancin ƙananan hukumomin karkara babu masana'anta, babu wani babban kamfani, albashin malamai da ma'aikatan lafiya da na sakatariya shi ne kuɗi mafi girma da ke shigowa daga waje in ka cire amfanin gona. Naira ɗaya ta albashi takan zaga hannu uku ko huɗu kafin ta bar gari. Mai shago yana ba malami bashin shinkafa ne domin ya san ranar biya. Wannan sanin ranar shi ne sirrin, ya fi yawan kuɗin muhimmanci.

Shi ya sa, duk da surutun da aka yi a kansa, nake ganin N-Power, shirin tarayya na ɗaukar matasa aikin wucin gadi kamar koyarwa, ya taɓa garuruwa fiye da yadda ake zato. An fara shi a 2016, aka ɗauki matasa 200,000, daga baya aka ƙara 300,000, kowa naira 30,000 a wata, ta asusun bankinsa kai tsaye, ba ciyaman ba kansila a tsakani. Yi lissafi da kanka: mutum 500,000 a kan ƙananan hukumomi 774, ya kama kusan 650 kowace in an raba daidai, wato abin da ya haura naira miliyan 19 duk wata yana faɗawa aljihun matasan gari guda, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake 18,000. Na san waɗanda suka yi aure da shi, da waɗanda suka sayi babur ko suka kafa shagon cajin waya. Na kuma san waɗanda ba su taɓa leƙa ajin da aka tura su ba, suka riƙa ba hedimasta ɗan wani abu yana rufa musu asiri. Da aka sallami rukunin farko da na biyu a 2020, makarantun da suka dogara da su suka wayi gari babu malamin lissafi, kuma ba wanda ya tanadi madadinsu. Rukunin da ya biyo baya kuwa bin bashin alawus ya cinye su. Shirin da ya koya wa mutane dogara da shi sannan ya yanke ba sallama, ciwonsa daban ne.

Misali mafi girma na kuɗi mai zama shi ne jami'a. A 2011 gwamnatin Jonathan ta kafa jami'o'in tarayya a Dutse da Dutsin-Ma da Kashere, a 2013 aka ƙara Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa. Duk wanda ya san Kashere ko Dutsin-Ma kafin nan, ya koma yanzu, ba sai an yi masa bayani ba. Ɗakunan haya, masu abinci, masu buga takardu, bankuna, filin da ake kyauta da shi ya zama na miliyoyi. Albashi ne ke sauka duk wata, ɗalibai kuma na shigowa da kuɗin iyayensu. Amma a tambayi ɗan gari mai ƙaramin ƙarfi da ke neman ɗakin haya zai yi aure, ko manomin da ya sayar da gonarsa da wuri ya cinye kuɗin, za a ji ɗaya gefen labarin. Da jami'a ta tafi dogon yajin aiki irin na wata takwas a 2022, garin gaba ɗaya ne ya shiga yajin.

Sai tallafin kuɗi na talakawa, wanda aka riƙa ba magidanta naira 5,000 a wata, ana haɗa na wata biyu a miƙa 10,000. Da bashin Bankin Duniya aka kafa shi, aka kuma zuba masa dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta maido. Mutanen birni sun yi masa dariya, wai me dubu biyar za ta yi. Ba su san gidan da ake kwana ba a ɗora tukunya ba. Abin da ya burge ni shi ne yadda aka tsara zaɓen mutane tun farko: a tara maza daban, mata daban, matasa daban, su faɗi abin da ake kira talauci a garinsu, su lissafo gidajen da suka fi kowa shiga ciki, sannan a kwatanta jerin. Kuma uwar gida ake miƙa wa kuɗin. Inda aka bi wannan da gaskiya, sai ka ga mata sun kafa adashi, wata ta sayi akuya, wata ta koma ƙuli-ƙuli. Inda aka bar wa masu faɗa a ji su rubuto sunaye, sai matan dagaci da na shugaban jam'iyya suka zama su ne matalautan gari. Ranar biya kuma akwai masu tsayawa a bayan layi suna karɓar "na rajista".

Da gwamnatin Tinubu ta zo ta yi alƙawarin naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15, ta banki, da sharaɗin lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Manufar ita ce a toshe sata, kuma da hujja, tunda a Janairun 2024 sai da aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu aka tsayar da shirye-shiryen ana bincike. Amma ka duba wanda sharaɗin ya fi kayarwa: tsohuwar da ba ta da waya, ba ta da asusu, garinsu ba sabis, banki mafi kusa sai ta biya kuɗin mota zuwa da dawowa, mai POS kuma ya yanki nasa. Duk ƙofar da aka ƙara don a hana ɓarawo shiga, mai rauni take fara hanawa, ɓarawon shi yana da NIN har na 'yan gidansu.

Ciyar da 'yan makaranta kai ka fi ni sani. Naira 70 kan kowane yaro ɗan aji ɗaya zuwa uku, daga baya aka mayar da ita 100. Ajin da ke da yara arba'in ya koma ɗari, ƙanne na goye a bayan yayye, da an sauke kula an cinye a watse. Duk da haka ba na raina shi. Mai dafa wa yara ɗari tana juya naira 7,000 a rana a kasuwar garin, wajen mai wake da mai manja da mai itace. Tsadar kaya ce ta kashe shi tun kafin a dakatar da shi: ranar da ƙwai ɗaya ya haura naira 100, me za a zuba wa yaro a kwano?

Inda na fi so ka tsaya ka yi tunani shi ne bashin noma na Anchor Borrowers, domin a nan ne alheri da ɓarna suka cakuɗe har ba a iya raba su. Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shi a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Godwin Emefiele ya zuba masa fiye da naira tiriliyan ɗaya kafin a rufe shi. Tsarin a takarda mai kyau ne. Ba kuɗi za a damƙa wa manomi ba sai kaɗan. Za a ba shi iri da taki da maganin feshi da injin ban-ruwa, in ya girbe ya biya da shanshera, kamfanin casa ya saya. Aka haɗa da rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 don shinkafar waje ta daina shigowa.

Babu mai musun cewa noman rani ya bunƙasa. Fadamun Argungu da Suru da Jega, da na Haɗeja da Kura, suka cika da injuna. Matasan da ke tafiya ci-rani kudu suka tsaya gida domin akwai aikin dashe da yanka da bugu. Kamfanonin casa suka yi ta tashi a Kano da Kebbi. Manomi ya je Hajji, ya yi rufin kwano, ya ƙara aure.

Amma ga abin da na gani da idona a wajenmu. Jerin sunayen manoma ya cika da mutanen da ba su san inda fadama take ba: ma'aikata, 'yan siyasa, 'yan uwan shugabannin ƙungiya. Mun riƙa kiransu manoman biro. Su karɓi taki da inji, kafin la'asar kayan na kasuwa a rabin kuɗi. Manomin gaske kuma sau da yawa kayansa su iso bayan lokacin shuka ya wuce, a rubuta masa farashin da ya fi na kasuwa, irin ma wani lokaci bai dace da ƙasarsa ba. Ga ambaliya irin ta 2020 da ta shafe gonakin Kebbi. Sannan ga babbar cutar: mutane da yawa ba su taɓa ɗaukarsa bashi ba. Cewa suke rabonsu ne na arzikin ƙasa, wasu ma su ce ladan ƙuri'a ne. Aka jera dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022 ana ɗaukar hoto, alhali kaso mai yawa na bashin bai dawo ba. Illar ba ta tsaya a asarar gwamnati ba. Wanda ya biya ya ga wanda bai biya ba ba abin da ya same shi, sai ya ji shi ne wawa. Yanzu duk wanda ya zo gari da maganar rance, ko ƙungiyar gari ce, sai ya sha wuya kafin a biya shi. Wannan tabon zai daɗe bai goge ba.

Mai saye kuma bai ga sauƙi ba. Buhun shinkafa da ke wajen naira 10,000 a 2015 ya haura 70,000 a 2024. Da gwamnati ta janye harajin shigo da wasu kayan abinci a tsakiyar 2024, farashi ya sauko a 2025, mutanen birni suka yi hamdala, manomin da ya sayi taki da tsada ya koma yana kuka. Mataki ɗaya ne daga Abuja, amma dariya a wani gida, makoki a maƙwabcinsa.

Haka manyan ayyuka suke tun da can. Madatsar Tiga da gwamnatin Audu Bako ta gina, aka gama a 1974, daga baya ta koma hannun hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya, ita ta mayar da Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam abin da suke a yau, har Kwanar Gafan ta zama kasuwar tumatir da ake lodi zuwa Legas. Amma ka gangara Haɗeja da Nguru ka tambayi masunta da makiyaya da manoman fadama yadda ruwa ya sauya musu hali, da yadda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki. Madatsar Bakolori kuwa, kusa da Talatar Mafara, da jini aka rubuta nata tarihin: manoman da aka karɓe wa gonaki suka tare hanya suna neman diyya, a Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka masu yawa. Duk aikin da ka ji an ce zai amfani jama'a, ka tambaya wace jama'ar, ta saman ruwa ko ta ƙasansa.

Ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, da aka saba ware musu naira biliyan 100 a shekara, ba zan ɓata maka lokaci a kansu ba. Ka ƙirga rijiyoyin burtsatse da fitilun sola da suka mutu a garinku, kowanne da allon sunan mai girma. An kafa, an ɗauki hoto, ba a bar wa kowa alhakin gyara ba. Rabon shinkafa da taliya ma haka, kwano guda a gida mai mutum goma sha biyu, a bi ta ofishin jam'iyya, a bar gari da gaba tsakanin wanda ya samu da wanda bai samu ba. Ga mai yunwa da babu gara ba daɗi, ban hana ba. Amma ba ya canza gari.

Akwai abu ɗaya da gwamnatin tarayya ke yi wanda ba ya bukatar jerin sunaye, ba ya bi ta hannun gwamna ko dagaci, kuma yana isa kowane gida a rana ɗaya: farashin mai da darajar naira. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mai injin ban-ruwa ya ji, mai niƙa ya ji, mai kai mara lafiya asibitin birni ya ji. Har ƙetaren iyaka aka ji, domin 'yan bumburutun Maraɗi da Ƙonni da man Najeriya mai araha suke rayuwa, wanda hakan ma ya nuna maka inda wani ɓangare na tallafin ke zurarewa. Kuɗin da aka daina biya shi ne ya kumbura rabon da kake ji a rediyo: abin da bai kai tiriliyan ɗaya ba a wata kafin nan, ya haura tiriliyan 2 a wasu watannin 2025. Ka gane abin da ya faru? An cire kuɗi daga aljihun kowa kai tsaye, aka zuba shi a bututun da ke bi ta asusun jiha da asusun haɗaka, wato bututun da na fara ba ka labarin yoyonsa. Sannan nairar kanta ta rame. An mayar da mafi ƙarancin albashi 70,000 a Yulin 2024, amma kai ka san ko tana sayen abin da 30,000 ke saya a 2019, kuma ka san ko malaman firamaren jiharku sun fara ganinta tare da ma'aikatan jiha ko an bar su a baya kamar kullum. Ban ce a dawo da tallafin mai ba, na san irin satar da ke cikinsa. Cewa nake tunda an karɓa daga hannunku, kuna da haƙƙin bin sawunsa fiye da da.

Bin sawun kuma ba shi da wuyar da ake zato. Ofishin Akanta Janar na tarayya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suna wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma wata-wata, da sunanta, a intanet. Ka sauke na wata shida, ka rubuta a takarda, ku karanta a taron ƙungiyar ci gaban gari. Kada ku je wa ciyaman da zagi, zai ce 'yan adawa ne suka turo ku. Ku tambaye shi nawa ya iso hannunsa daga cikin wannan adadi. Ko ya amsa ko ya yi shiru, kun ƙaru da wani abu. Ku tambayi shugaban asibitin mazaɓarku ko suna cikin masu karɓar kuɗin wata uku-uku, wa ke sa hannu, kuma yaushe kwamiti ya zauna na ƙarshe.

Maganar benci kuwa, ga hanyarta. Ku zauna da kwamitin gudanar da makaranta da hedimasta, ku rubuta adadin yara aji-aji, maza da mata, da adadin kujerun da ke akwai, ku haɗa da hotuna. Dagaci ya sa hannu, limami ya sa. Ku kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ku kai kwafi SUBEB, ku nemi a sa makarantarku a jadawalin ayyukan da jiha za ta miƙa wa UBEC na shekara mai zuwa, domin makarantar da ba ta cikin jadawalin nan ko kuɗi ya zo ba za a taɓa ta ba. Ku yi hakan kafin a rufe jadawali, ba bayan an ba da kwangila ba. In kun miƙa, kada ku fito sai an buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kwafin da za ku koma da shi gida, kuma bayan mako uku wani ya koma ya tambaya, da kwafin a hannunsa.